Karyewar Sandar Tsibirin Faifai

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya zuba teku ya yanka mata iyaka, ya ba ɗan Adam hankali ya bar masa zaɓin aiki da shi. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ne Jatau ɗan Sallau, wanda ƙaiƙayin ƙafa ya hana zaman gida. Na sha ruwan rijiyoyin da ban san wanda ya haƙa su ba, na kwana a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Na ga abin dariya na dara, na ga abin tsoro na gudu. Amma akwai ƙasa guda wadda har yau, in na tuna ta ina cin tuwo, sai in tsame hannuna daga kwano. Labarinta zan ba ku.

Neman ilimin magani ne ya fitar da ni daga garinmu. An ce mini a hayin Tekun Baƙin Ruwa akwai wani tsoho da ya san kowane tsiro da cutar da yake kashewa. Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke juyowa suna bin matafiyi da kallo. Na haɗu da tururuwa masu girman awaki, na kwance musu buhun dabinona, suka tsaya wawaso, ni kuwa na ari ta kare. Da na isa gaɓa na shiga jirgin wasu fatake, muka miƙa.

Muna tsakiyar teku da rana tsaka, sai ruwa ya kumbura kamar tukunyar da ta tafasa. Wani abu ya taso a gabanmu, baƙi ƙirin, gansakuka ta rufe masa baya har tsuntsaye sun yi sheƙa a kai. Na ɗauka tsauni ne, sai da tsaunin ya buɗe ido. Kifi ne. Ya kaɗa jela sau ɗaya, jirginmu ya tarwatse kamar ɓawon gyaɗa. Na rungumi wani katako, igiyar ruwa ta yi ta wasa da ni har ta tofar da ni a kan yashi.

Ban gama amayar da ruwan gishiri ba sai ga dogarai a kaina. Suka ɗaure ni, suka ja ni cikin gari, suka jefa ni cikin wani shinge na kara da ƙaya. A ciki na tarar da mutum guda, dogo siriri, yana zaune yana gyaran igiyar takalminsa kamar wanda ke shirin tafiya kasuwa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Sunana Mantau. Ka zo a mugun lokaci."

Na ce, "Ina ne nan, kuma me na yi?"

Ya ce, "Nan Tsibirin Faifai ne. Laifinka shi ne ba ka da dangi. Ni kuwa laifina baki."

Shi ya bayyana mini komai. Tsibirin ƙarami ne, wanda ya tashi da hantsi zai kewaye shi kafin la'asar. Shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, sai tudu ɗaya a gefe. Mutanensa kashi uku ne: masunta a bakin ruwa, masu dafa gishiri a fadama, manoma a kan tudu. Kifin da ya fasa mana jirgi suna kiransa Kakar Kifi. Kowace shekara bayan girbi takan zo ta goga jikinta da tsibirin, ruwa ya haura ya ci gidaje. Mai mulkin wurin ana ce masa Sarki Zarto, don yana ci in ya yi gaba, yana ci in ya yi baya. Shi ya ce Kakar Kifi ba ta lafawa sai an ba ta mutum, kuma shi ke zaɓen wanda za a ba ta. Mantau ya faɗa a kasuwa cewa kakanninsu ganuwa suka gina, ba mutane suka yi ta jefawa ruwa ba. Abin da ya kawo shi shinge ke nan.

Na ce, "Yaushe za a jefa mu?"

Ya ce, "Da zarar ta matso. Kai da ka gan ta, ai ka fi ni sanin nisanta."

Na duba jikin shingen, sai na ga karara, tsiron nan mai sa ƙaiƙayi, ta naɗe shi, 'ya'yanta sun bushe sun yi gashi. Na ce wa Mantau ya daure. Muka tsinko, muka goga a fuska da ƙirji da hannuwa. Wallahi na gwammace dukan bulala da wannan ƙaiƙayi. Kafin a jima jikinmu ya yi rudu-rudu. Na faɗi ina birgima ina ihu, "Agana! Agana ce na ɗauko daga jirgi!"

Shugaban dogarai ya leƙo, ya ja da baya yana toshe hanci. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ku taimaka ku jefa mu da wuri. Sai dai a ƙasarmu an taɓa ba wani dodon ruwa mai agana, ya yi amai ya haɗiye garin gaba ɗaya." Ba su tsaya shawara ba. Suka buɗe ƙofa, suka kore mu da dogayen sanduna har bayan gari, suka ce mu je mu mutu can.

Mantau ya kai ni gidansa a fadama. Matarsa Gwamma ta shafa mana toka da man kaɗanya tana faɗa tana kuka, 'ya'yansu mata suna leƙe daga bayan zana. A nan na gane abin da ya sa bakinsa ke da tsawo. Ubansa masunci ne, uwarsa mai gishiri, matarsa 'yar tudu. Duk inda ya shiga a tsibirin akwai wanda zai ba shi ruwa. Sauran mutane kuwa ba sa ga maciji da juna, don Zarto ya daɗe yana raɗa wa kowane kashi cewa ɗayan ne ke cin amanarsa.

Mantau ya ce, "Ɗan'uwa, an riga an lissafa mu cikin matattu, kuma matacce ba ya tsoron sarki. Ganuwa tana son dutsen tudu, da kwalekwalen masunta na ɗauko shi, da farar ƙasar da masu gishiri ke toyawa. Zan je wurin manyanmu. Ka raka ni, kai ba ka da ɓangare, kai ne shaida."

Muka fara da Cindo, shugaban masunta, ƙato mai yatsa shida da murya kamar ganga. Muka je wurin Iya Tambai, uwar masu gishiri, tsohuwa mai murmushi wadda ba ta taɓa cewa i ko a'a kai tsaye. Muka hau tudu wurin Barmo, shugaban manoma, gajere mai saurin fushi. Kowannensu ya fara da zagin sauran biyun, kowannensu ya ƙare da tuna wani nasa da aka jefa wa kifi. Ƙafafunmu suka yi kanta da kai da kawowa, amma a ƙarshe suka haɗu a gindin wata tsamiya, suka ɗora hannu kan hannu, suka rantse za su kawar da Zarto su gina ganuwa tare.

Ban taɓa ganin an tuɓe sarki cikin sauƙi irin haka ba. Manoma suka toshe ƙoramar da ke kai ruwa fada. Masunta suka janye kwalekwalensu. Masu gishiri suka kashe wutar murahunsu suka zo suka zauna a ƙofar fada, maza da mata, ba wanda ya ɗaga sanda. Dogarai suka duba taron, kowa ya hango uwarsa ko kawunsa, suka ajiye makamansu. Zarto ya shiga jirginsa da barorinsa da hatsin rumbun fada, ya tsallaka wani dutse da ake hangowa daga gaɓa, ya zauna can.

Aka kafa mulkin haɗaka. Aka yarda kowane babba zai riƙe sandar mulki daga girbi zuwa girbi, sauran biyun suna dama da hagunsa, kuma ba za a yanke komai ba sai bakinsu ya zo ɗaya. Aka yi ƙuri'a da tsinke, ta faɗa kan Cindo.

A wannan shekara Kakar Kifi ta zo babu ganuwa. Aka kwashe mutanen fadama aka kai su tudu, manoma suka buɗe musu ɗakuna. Ruwa ya ci gidaje, bai ci ko ɗan akuya ba, kuma ba a jefa kowa ba. Da ruwa ya janye aka kama aiki. Ya ku masu saurare, da ma kun ga wannan aiki! Dutse yana gangarowa daga hannu zuwa hannu, kwalekwale suna jere kamar tururuwa, hayaƙin farar ƙasa ya rufe fadama, mata suna guɗa. Na ga Barmo ya ɗora wa Iya Tambai tulu a ka. Na ga Cindo yana cin tuwon dawa a gidan manomi yana santi. Ni kaina na manta da tsohon da na fito nema, na tuɓe riga na ɗauki dutse.

Girbi ya kewayo, Kakar Kifi ta dawo. Muka hau kan ganuwa muna kallo. Ta taho ta banke ta da kafaɗa har ƙasa ta girgiza. Ta sake, ta kuma sakewa. Ganuwa ta tsaya. Kifin ya yi wani gurnani ya juya. Mutane suka rungumi juna suna kuka. Sai dai a gefen gabas, daidai unguwar su Mantau, ganuwar ta tsage, tsagar da hannu zai shiga. Kowa ya gani, kowa ya ce aikin kwana kaɗan ne.

Ranar miƙa sanda ta zo. Barmo ya sauko daga tudu da sabuwar riga da makaɗa. Cindo ya gyara zama ya ce, "Ai shekarar masunta ba ta ƙarewa da girbin dawa. Sai kifin rani ya wuce."

Barmo ya ce, "Da girbi muka rantse!"

Cindo ya ce, "Girbin wa? Mu ma muna girbi, a ruwa."

Aka juya ga Iya Tambai, wadda kalmarta ɗaya ta isa ta raba gardamar. Ta yi murmushi ta ce, "'Ya'yana, kowannenku yana da gaskiya. Ku bar ni in kwana da maganar." Ta kwana da ita har wata ya mutu wani ya tsaya. Da safe a ga masunta sun kai mata kifi, da yamma a ga manoma sun kai mata dawa, ita kuwa tana karɓa da hannu biyu tana sa albarka. Ta gane cewa muddin mazan nan biyu suna faɗa, ita ce sarauniya.

Barmo ya hana dutse saukowa. Cindo ya hana kwalekwale ɗaukar kayan 'yan tudu. Iya Tambai ta rufe murahun farar ƙasa, wai kada a ce ta goyi bayan wani. Majalisa kuwa ba ta fasa zama ba. Na zauna a cikinta a matsayina na shaida, na ji da kunnena an shafe yini guda ana musu a kan wanda buzunsa zai fi kusa da ƙofa. An shafe wani yinin a kan sunan da za a sa wa ganuwa. Ganuwar da ke tsage! Ana cikin haka sai aka fara ganin wani ƙaramin kwalekwale yana zuwa daga dutsen Zarto da goro da riguna. Yau ya sauka wajen masunta, gobe a gindin tudu, jibi a fadama. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ake gaisarwa.

Damina ta sauka, tsagar ta buɗe har yaro zai iya shiga. Mantau ya shigo majalisa da laka har gwiwa, ya durƙusa.

Ya ce, "Iyayena, ban zo neman sanda ba. Ku ba ni dutse da kwalekwale da farar ƙasa, ni da maƙwabtana mu toshe tsagar nan. Bayan haka ku yi ta musunku har tashin ƙiyama."

Barmo ya ce, "Dutse na nan. A ba ni sandata."

Cindo ya ce, "Kwalekwale na nan. Ya fara sauko da dutsen."

Iya Tambai ta ce, "Mantau ɗana, haƙuri. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido."

Mantau ya ce, "Iya, 'ya'yana a gindin tsagar suke kwana."

Cindo ya daka masa tsawa ya ce, "Kai wane ne da za ka koya mana mulki? Kai da ba a san ɓangarenka ba!"

Nan jinina ya tafasa. Na miƙe na ce, "Ranku ya daɗe, wannan da ba a san ɓangarensa ba shi ya ɗora ku kan buzayen nan. Ni shaida ne, kun rantse a gindin tsamiya!"

Barmo bai ko dube ni ba. Ya zabura ya cafki kan sandar, Cindo ya riƙe gindinta. Suka yi ta ja, manyan mutane masu furfura, suna haki suna zage-zage, Iya Tambai tana janye zanenta kada a taka. Sandar ta ce ƙaras, ta karye biyu. Kowa ya fita da guntunsa yana cewa shi ne mai ƙasa. Daga ranar majalisa ba ta sake zama ba.

Da girbi ya matso, Mantau ya aika mata da yara tudu. Wannan karon manoma ba su buɗe ɗakuna ba, don Barmo ya ce kada a karɓi kowa daga ƙasa. Sai dangin Gwamma ne suka saci jiki suka karɓi waɗanda za su iya. Sauran suka dawo fadama. Muka taru mu 'yan unguwa muka yi ta cusa wa tsagar abin da muka samu: yashi a cikin tabarmi, turame, ƙyauren ɗakuna, har gadon Mantau.

Kakar Kifi ta zo da hantsi, rana tana haske tar. Muna kan aiki muka ga tsaunin nan ya taso. Mantau yana can ƙasa cikin tsagar yana tokare wani ƙyaure da bayansa. Ya ɗago kai ya ce mini, "Ɗan'uwa, hau ka kaɗa musu su gudu, ni zan riƙe!" Na hau ina ihu. Mata da tsofaffi suka fito suna gudu wajen tudu. Karo na farko ƙyauren ya riƙe. Karo na biyu ma ya riƙe, mutane da yawa suka kai gangare. A na uku ganuwar gabas ta buɗe kamar an yaga tsumma. Ruwa ya ɗauke ni ya maka ni a kan wata giginya, na maƙale. Daga can na ga fadama ta zama teku, rufin ɗakuna suna yawo a kai.

Washegari muka tsinci Mantau a cikin laka, da shi da maƙwabtansa da tsofaffin da ba su iya gudu ba. Ni na haƙa kabarinsa. Cindo bai zo ba, Barmo bai zo ba. Iya Tambai ta aiko da gishiri.

Ba mu gama zaman makoki ba sai ga jirgin Zarto, cike da hatsin da ya gudu da shi. Ya sauka yana sharar hawaye ya ce, "Ban faɗa muku ba? Kun hana ta haƙƙinta, ta ɗauka da kanta." Mutanen da yunwa ta galabaita suka yi ta yi masa kirari. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jin tarihi. Waɗanda na ga laifinsu su ne manyan nan uku, da suka riga kowa zubewa a gabansa, Cindo da Barmo kowa ya miƙa masa guntun sandarsa, ita kuma Iya ta miƙa masa albarka. Ya naɗa su hakimai nan take.

Aka kafa shari'a a bakin ruwa don a gano wanda ya jawo bala'i. A nan na ga abin da ban gani ba tun ranar tsamiya: bakinsu ya zo ɗaya. Cindo ya ce baƙon nan ne ya zuga su. Barmo ya ce tabbas shi ne. Iya Tambai ta ce, "Tun ranar da na gan shi jikina bai ba ni ba." Zarto ya yanke a ɗaure ni a kan ragowar ganuwa, don kifin bai yi nisa ba.

Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na karɓi hukunci. Alfarma ɗaya nake roƙo. A ƙasarmu abin kunya ne ƙaramin mutum ya ɗaure wanda za a kashe. A bar wanda ya fi girma cikin hakiman nan uku ya ɗaure ni da hannunsa."

Zarto ya ce, "Wannan mai sauƙi ne," ya jefa igiya a tsakaninsu.

Cindo ya sunkuya zai ɗauka, Barmo ya take ta da ƙafa. Iya Tambai ta ce ai a haife ta haife su duka biyun. Kafin sarki ya buɗe baki, masunta sun ɗaga sandunan tuƙin kwalekwale, manoma sun zaro fartanyoyi, masu gishiri suna jifa da ɓaraguzan tukwane. Dogarai suka ruga raba faɗa. Ni kuwa na sulale ta ƙarƙashin ƙafafu, na bi bayan kangon gidaje har gaɓar gabas.

A can na tarar da Gwamma cikin kayan takaba, tana riƙe da igiyar kwalekwalen mijinta. Ta sa mini goran ruwa da ƙullin gari a ciki.

Na ce, "Gwamma, ɗauko yaran mu tafi tare. Me ya rage miki a nan?"

Ta ce, "Baban yara yana nan, ina zan je? Shiga, Malam Jatau, kada su farga."

Na shiga. Ta tattare zane ta shiga ruwa har gwiwa tana tura ni. Da kwalekwalen ya fara tafiya da kansa, sai ta riƙe bakinsa ta dube ni, idanunta a bushe.

Ta ce, "Kai matafiyi ne, na san za ka ba da labarinmu. Ka faɗi duk abin da ka gani. Amma don girman Allah, in an tambaye ka abin da ya ci mijina, kada ka ce kifi ne."

Ta saki. Na yi ta tuƙi ina jin hayaniyar faɗansu tana bina a kan ruwa, har tsibirin ya ɓace mini.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Tsibirin Faifai. Na sauke amanar da aka ɗora mini, ban ƙara ba, ban rage ba, kuma Allah shi ne mafi sani.